Dilan da Na Ciyar a Manchester

Tun ranar da na sauka nake shan tambaya. A Islamiyya, a gidan suna, har a layin asibiti: "Hajiya Saude, yaya Ingila? Da gaske ne ba a ganin rana?" Ni kuwa amsata ɗaya, lafiya lau, sai sanyi. Hajiya Binta maƙwabciyata ta fi kowa naci, wai na tafi da baki na dawo babu. Gaskiyarta. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba. Amma kada ku sa ran labarin dogayen benaye. Labarin zomo ne da dila, da wata tsohuwa mai taurin kai, wato ni.

Kun san babban ɗana, Likita, wanda ba na kama sunansa. Matarsa Hafsatu ce ta haihu, ga mahaifiyarta Allah Ya yi mata rasuwa, shi ne aka ce in je in riƙe mata jego. Wannan shi ne dalilin da aka rubuta a takarda. Nawa dalilin daban yake. Suna da 'yar fari, Ummi, takwarata, shekararta tara, kuma rabona da in taɓa jikinta tun tana koyon tafiya. In aka ba ta waya sai ta ce "Ina wuni, Hajiya," ta gudu. Ni ga shekaru, ga hawan jini, ban san ko zan sake samun wata tafiyar ba. Na ce kafin in koma ga Allah yarinyar nan ta san ni, ta san kakarta mutum ce mai ɗumin jiki, ba hoto ba a cikin waya.

Daga Kano muka tashi, muka yada zango a Alƙahira. A can na fara shan kunya, don matattakalar nan mai tafiya da kanta ta kama mini gefen zani, sai da wata baiwar Allah 'yar Zariya ta janye ni ina salati. Ita ma wurin ɗanta za ta, muka zauna muka ci dabino muna zagin takalman da aka saya mana don sanyi.

A filin jirgin Manchester aka tambaye ni ko ina da abinci. Ni da ba na ƙarya, na ce ƙwarai kuwa. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, duk suka duba suka mayar mini. Da aka zo kan kilishi sai jami'in ya girgiza kai. Yaro ne mai ladabi, ya yi ta cewa "Sorry, madam," nama ba ya shiga ƙasar. Na ce to ya ci shi da abokan aikinsa, na ba su halak malak. Ya ce ba a yi haka. Ina ji ina gani ya ɗaga murfin wani babban kwando ya jefa kilishin nan a ciki. Wallahi ba asarar ce ta dame ni ba. Jefawar ce.

Sai na gaya muku yadda aka rene ni, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Innarmu ta ga yunwa da ƙuruciyarta, irin wadda ake dafa ganye a kwana. A gidanmu in ƙwayar shinkafa ta faɗi ƙasa sai ka tsince ta. Tuwon dare ɗumame ne da safe, wanda ya rage a shanya, wanda ya lalace a ba kaji, ƙashi kuma na karen maƙwabta ne. Takan ce duk lomar da ka zubar za ta tsaya ta ba da shaida a kanka. Na haura shekara sittin ban taɓa zuba abinci a shara da hannuna ba.

Unguwar su Likita sunanta Whalley Range. Manyan tsofaffin gidaje ne aka yayyanka, kowa da nasa flat. Su suna ƙasa, a saman su akwai wani tsohon Bature, Mista Harold, shi kaɗai kamar maye, ba ɗa ba jika. A bayan gida akwai ɗan lambu na kowa da kowa, da wani ɗakin katako na ajiye tarkace a ƙarshensa, jikin shinge. Maƙwabci ba ya sallama ya shigo barka. Kati suke turowa ta ƙofa. Ranar suna kuwa ina jiran in ji kukan rago, sai ga shi an kawo shi daga shagon mahauci a cikin leda, an daddatsa, ba kai ba ƙafa ba fata. Har agogo suke mayarwa baya da awa guda in sanyi ya shigo, kowa ya yarda ba gardama. Na ce ikon Allah.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwandunan shara. Huɗu ne, kowanne da launinsa. Hafsatu ta nuna mini kore ta ce nan ake zuba ragowar abinci, a rufe ruf. Yara a can ba sa cinye abin da aka zuba musu, ga baƙin suna sun bar shinkafa da nama tuli.

"Likita, wannan duk zubarwa za a yi?"

"Ba zubarwa ba ce, Hajiya. Council, hukumar gari, ke kwashewa, taki ake yi da shi."

Na ce to. A raina na ce yaron nan lallashina yake yi. Wane ne zai bi gida-gida yana kwasar ɗumame don ya yi taki?

Ummi kuwa kwana uku tana leƙena daga bayan ƙofa. Tana jin Hausa sarai, mayarwa ce ba ta yi, sai Turancinsu mai fita ta hanci. Yarinya ce mai shiru, uwarta ta ce a makaranta ma ba ta da ƙawaye sosai. Abokinta ɗaya a duniya, wani farin zomo mai baƙin kunne da ke cikin keji a lambu. Sunansa Biskit. Zomo fa! Har da likitansa, har da allurar rigakafi. Ranar farko na ce, "Wannan ai ya isa miya." Ta zaro ido, sai da uwarta ta rantse mata wasa nake yi.

Amma ta dalilin zomon nan muka saba. Wata rana da yamma ta ja ni da hannu har bakin keji, ta ɗora mini shi a cinya, ta gyara mini hannu yadda ake tallafe ƙafafunsa na baya. Ina jin zuciyarsa tana bugawa fat-fat-fat. Daga nan na fara yi mata kitso, ta fara zama kusa da ni in ina tuƙa tuwo, ko da yake ba ta cinsa, wai yana manne mata a baki. Kullum kafin magariba za ta rufe kejin, ta juya 'yar sakatar katako, ta sake taɓawa ta tabbatar. Ni ina kallonta ta tagar kicin. Wallahi na ji daɗin kwanakin nan fiye da yadda zan iya faɗa.

A cikin kwanakin ne kuma nake aikata abin da nake aikatawa. Tun washegarin suna na sami wani tsohon kwano. In na idar da sallar asuba, gida duk ana barci, sai in kwashe abin da ya rage, ƙashi da shinkafa da fatar kaza, in lallaɓa in ajiye a bayan ɗakin katako. Na ce ko mage ko tsuntsu, wani bawan Allah dai zai ci, ni kuma na fita haƙƙin abinci. In rana ta fito in tarar da kwano fes. Sai in ji sanyi a raina.

Bayan kamar mako biyu na ga mai cin. Gari ya fara wayewa, ina ajiye kwano sai ga shi a kan shinge. Na ɗauka kare ne, sai na ga jan gashi da dogon baki da jela buzu-buzu. Dila ne, irin nasu da suke kira fox. Bai gudu ba. Ya zauna yana kallona kamar mai jiran in kauce. Ya rame, gashin gefensa ya zube, sai ya ba ni tausayi. Dila a tsakiyar birni, kusa da masallaci da tashar bas! Na san dila da kaji, na tashi a gidan da ake kiwo. Amma na dubi kejin Biskit na ga katako ne da waya, na ce ai wanda ya ƙoshi ba ya sata. Na ƙara masa yawan ƙashi.

Sai ga takarda ta ƙofa, daga masu kula da gidan. Likita ya karanta mana a tebur. An ga alamar wani yana ciyar da fox a lambu, yana tona ƙasa, yana kashi a hanya, ya daina tsoron mutane. A daina. A rufe kwandon abinci, kada a bar komai a waje.

"Tsohon nan na sama ne," in ji Likita. "Su ne masu wannan halin. Ga jariri a gida, ga zomon Ummi. Mutum ba ya tunani."

Na sunkuyar da kai ina jijjiga jariri. Na ji kunya in ce ni ce, a gaban suruka, a gaban jika. Na ce a raina ai sai in daina, magana ta wuce. Na ɓoye kwanon. Ragowar kuma na riƙa turawa cikina da kaina har ƙwannafi ya dame ni.

Kwana uku da dainawata, da safe, muka ji ihun Ummi. Irin ihun nan ban taɓa jinsa a bakin yaro ba. Muka fita a guje. Ƙofar keji a buɗe, farin gashi warwatse a kan ciyawa har zuwa gindin shinge, da ɗan jini. Dilan da na saba wa ya zo karin kumallo bai samu ba, ya nemi na kusa.

Raina ya ɓaci, na hau faɗa, wai a samo guba, a kafa tarko, a kira hukuma. Ku ji fa, ni ce mai faɗa.

"Hajiya, a nan guba laifi ne, kotu ake kai mutum," in ji Likita. "Council ma ba sa zuwa kama shi. Cewa za su yi ka gyara gidanka, kada ka ba shi dalilin zuwa."

Ummi tana durƙushe tana taɓa sakatar. Ta ɗago ta ce da uwarta da Turanci, "Ni ce. Ban rufe ba. Na manta." Suka yi ta ce mata ba laifin kowa ba ne, ƙaddara ce. Ni kuwa na gan ta jiya da idona, ta juya sakatar, ta sake taɓawa. Kalma ɗaya ce a bakina. Amma na san in na buɗe baki na faɗi wannan, sauran ma zai biyo baya, kuma yarinyar da na sha wannan doguwar hanya dominta ba za ta sake zama kusa da ni ba. Na ja bakina na yi gum. Allah Ya yafe mini.

Daga ranar ta daina cin abinci. Ta tsakuri burodi ta ture. Ta daina zuwa kitso. Likita kuma ya daina gaida Mista Harold in sun haɗu a ƙofa.

Dama an shirya zan je Birmingham wurin ƙanena Sani in yi mako guda, sai na ji kamar an buɗe mini ƙofar gudu. Aka sa ni a jirgin ƙasa da takarda a hannu mai sunan tasha, ina ta nuna wa duk wanda ya gifta, har wata Baturiya mai jan gashi ta gaji ta ce in kwantar da hankali, ita ma can za ta sauka. Sani injiniya ne, ya yi ritaya, ya fi shekara talatin a can. Unguwarsu Aston, gidaje a jere manne da juna, ga shagunan nama na halal, ga mata da hijabi ko'ina. Matarsa ta yi mini masa da miyar taushe, shi kuma ya dage sai na ɗanɗani kifin Turawa da dankali mai ruwan tsami a takarda. Na ci don kada ya ji haushi. Ba gishiri ba yaji.

Rana ta uku ya kai ni gonarsa. Wani ɗan fegi ne da ya karɓa a wurin council, bai fi tsakar gidana ba, amma yadda yake taƙama da shi sai ka ce fadama. Alayyahu, albasa, kabewa. Ya buɗe wani buhu ya ɗebo baƙar ƙasa mai laushi ya zuba mini a tafi.

"Yaya, kin san ko mene ne wannan? Ragowar abincin mutane ne da ciyawa. Shi ake kwashewa a sarrafa."

Na tsaya ina kallon tafina. Ashe Likita ba lallashina yake yi ba. Ashe abincin da na yi ta gudun a zubar, gona yake komawa.

Ya nuna mini inda dila ya tona masa kunya, yana ta bayani, shi da son bayani tun yana yaro. Wai a ƙasar nan ba a gaba da shi, ba a kuma abota da shi. Ba ka kashe shi yadda ka ga dama, ba ka saba masa da ƙofarka. Wanda ya saba masa da abinci ya cuce shi, ya cuci maƙwabta, don ranar da bai samu ba zai nema. Mai kaji ko zomo kuwa sakatar ƙarfe yake sawa, don 'yar ta katako da hanci yake ture ta.

Na zauna a kan wani bokiti na gaya masa komai, tun daga kwano har gashin da ke kan ciyawa. Da na gama sai ya ce:

"Yaya, kin tuna ranar da na fasa tulun Inna, aka daki ƙanwarmu Lami, kika kama kunnena har gaban Inna?"

"Na tuna."

"To Lami ta huta da yamma. Wannan yarinyar yau kwana nawa take ɗauke da kayanki?"

Muna komawa gida Hafsatu ta kira. Muryarta a dashe, ta ce an kira su daga makaranta, Ummi ba ta taɓa abincin rana, tana kuka a aji, sun nemi ganin GP, likitan unguwarsu. Na ce Sani ya mayar da ni tasha gobe da safe.

Na sami Ummi a ɗakinta bayan la'asar, tana zaune a ƙasa da kwanon ruwan zomon a cinya. Na ce iyayenta su shigo su ma su ji. Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara, na yi mata magana da Hausa a hankali yadda za ta gane.

"Ummi, kin rufe. Na gan ki ta taga. Kin juya, kin sake taɓawa, kamar kullum."

Ta ɗago ta dube ni.

"Dilan nan ni na kira shi. Ni nake ba shi abinci a bayan ɗakin katako, ba Bature ba. Da takarda ta zo na yi shiru. Da kika ce ke ce, na sake yin shiru. Na ji tsoron kada ki ƙi ni."

Likita ya ce, "Hajiya!" Na gaya mata labarin Innarmu da yunwa da ƙwayar shinkafa, ba don in wanke kaina ba, don dai ta san ba mugunta ba ce. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta tambayi uwarta da Turanci, "Ta sani tun ranar?" Uwar ta ce e. Ta miƙe ta fita ta bar ni a durƙushe.

Na sa Likita ya hau da ni sama wurin Mista Harold. Tsohon ya saurara, ya ce ai ya sani, kowace safiya yana ganina ta tagarsa da kwanona. Ya so ya yi magana, sai ya ga baƙuwa ce, kuma uwar mutum ce. Likita ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Ummi ta koma cin abinci a daren, wannan kam alhamdu lillahi. Amma ni ta daina yi mini magana. Ba rashin kunya, ba harara. In na shigo ɗaki sai ta tattara littafinta ta fita. Kitso uwarta ta koma yi mata. Saura mini mako uku, haka na yi su. Ni da kaina na karɓi aikin koren kwando. Ranar farko na tsaya a gabansa da faranti, na yi bisimilla na zuba, na rufe murfi na danna. Da na waiwaya tana tsaye a taga tana kallona.

Ranar da zan taho na yi musu tuwon shinkafa da miyar kuka da rana, na bankwana. Hafsatu za ta dafa wa Ummi taliya kamar yadda ta saba, sai yarinyar ta ce a zuba mata tuwon. Muka dubi juna. Ta zauna tana ci, tana runtse ido, tana korawa da ruwa. Uwarta ta ce ta bari in ba ta so. Ta girgiza kai. Ta ci har loma ta ƙarshe, ta sa yatsa ta suɗe miyar kamar yadda ta ga ina yi. Sannan ta taso ta ajiye farantin a gabana, ba ta dubi fuskata ba, ta ce da Hausa:

"Hajiya, babu saura."

A filin jirgi ba ta rungume ni ba. Ta ɗaga hannu daga bayan babanta. Kun tambaye ni ko ta yafe, ni ma ban sani ba, kuma ban ga ina da bakin tambaya ba. In an kira waya yanzu tana zuwa ta gaishe ni, wani lokacin ta ɗan tsaya, wani lokacin ta gudu.

Shi ya sa, Hajiya Binta, ranar da kika leƙo kika same ni ina watsa wa kaji ɗumame ina hawaye, na ce miki hayaƙi ne. Ba hayaƙi ba ne.